Wuƙar Bahago

Kusa da inda nake shimfiɗa tabarmata a bakin kasuwar Kaura akwai wani mai injin washi. Tun hantsi yake tayar da shi, ba ya kashewa sai an kira la'asar ko mai ya ƙare masa. Mahauta su kawo, masu tsire su kawo, mata su aiko da wuƙaƙen girki a ƙunshe cikin leda. Da ya ɗora ƙarfe a kan dutsen nan mai juyawa sai ƙara ta cika kunne, tartsatsi yana tashi, kafin ka gama amsa sallama ya miƙa wa mutum abinsa. Mutumin kirki ne. Yakan ɓantaro mini goro. Amma da wuya rana ta faɗi bai tsokane ni ba.

"Baba tsoho, miƙo wagga tsohuwar wuƙar taka in yi mata wanka. Kyauta."

"Bar ta da dauɗarta."

"Mi kake tsoro? Injin nan ba ya cizo."

"Ba ya cizo. Ci yake yi."

Sai ya yi dariya ya koma kan aikinsa, ni kuma in jawo ɗan dutsena daga ƙarƙashin tabarma, in ɗiga masa ruwa daga buta. Yana ɗauka tsufa ne ke damuna. Ban taɓa zaunar da shi na warware masa ba, don ni ba mai dogon zance ba ne. Aikinsa ba shi da laifi a wurin nama. Dutsen injin zagayayye ne, saboda haka kwarmi yake yi wa wuƙa a bayan baki, bakin ya fito siriri kamar ɓawon albasa. Nama yana son haka. Ice ba ya so. Ka kai irin wannan bakin ga aduwa, zai kama, ya cije, ya tsaya, in ka matsa ya gutsure. Ga zafi kuma: in ka ga bakin ya yi shuɗi, to ƙarfin da maƙeri ya ba ƙarfen ya tafi, ba ya dawowa. Wannan shi ne abin da zan iya faɗa masa. Sauran kuwa, abin da ƙarar injinsa take tono mini ne, kuma ba na kasuwa ba ne.

Mu a gidanmu, can ƙasar Zurmi, hanyar Gurbin Bore, ba da ƙara ake washi ba. Masassaƙa ne mu tun kakanni. Abin da ke tashe mu da safe, bayan an dawo masallaci, shi ne tafiyar ƙarfe a kan jiƙaƙƙen dutse, a hankali, kamar numfashin mai barci. Dutsen yana gindin tsamiya a ƙofar zaure, babba ne, mutum biyu ba sa ɗaga shi, gefensa ɗaya ya lotsa saboda shekaru. Baba ne ke fara zama a kansa, sannan yayyena. Daga nan sai gizago ya ɗauka, kaf, kaf, ana huɗa cikin turmi, daga cikin gida kuma mata suna daka a turamen da aka sassaƙa a wannan ƙofar. Mu yara aikinmu ɗebo ruwan dutse, ɓare ɓawo, kwashe sassaƙe mu kai madafa, da kora jakuna in za a kai kaya kasuwar Shinkafi. Daji yana bayan gida. Ƙirya, marke, kanya, aduwa, kowanne mun san ƙamshinsa tun kafin mu san sunansa. Mutum ya shiga tun safe shi kaɗai da gatari, abin da yake tsoro maciji ne. Yanzu dajin yana nan, itatuwan ma wasu suna nan, amma ya yi wasu masu shi.

Wuƙar gidanmu iri ɗaya ce, maƙeri ɗaya ke ƙera ta, in ya mutu ɗansa ya ɗora. Gajera ce, ba ta fi tsawon yatsa ba sai da kaɗan, bayanta da kauri. Gefe ɗaya a miƙe yake sumul, ba a taɓa shi. Ɗaya gefen ne kawai ake wasawa, a yi masa gangare mai faɗi wanda ya sauka kai tsaye har baki, babu tumbi, babu kwarmi. Wannan gangaren shi ke kwanciya a kan ice. Shi ne ke jan wuƙa ta tafi daidai, kuma in ka so fita, a kansa za ka dogara ka ɗaga baki, kamar yadda mai tafiya ke dogara a kan diddige. Baba yakan ce wuƙar da ta san shiga ba ta san fita ba, gatari ce. A lokacin ban gane maganar ba. Ina jin ta ne kawai tare da ranƙwashi.

Akwai al'ada a gidan. Yaro ba ya taɓa dutsen washi, ba ya riƙe gizago, ba ya bin manya daji, sai ya sassaƙa muciya ya kai wa tsohuwar gida. Za a ba shi wuƙar gado, Baba ya wasa masa da kansa, a ba shi reshen aduwa. Ba a yarda ya goge ta da yashi ko ganye mai kaushi ba, abin da wuƙa ta bari shi ne aikinsa. Tsohuwa za ta ɗauki auduga ta shafa daga kai har ƙasa. In audugar ta maƙale ko da zare ɗaya, ba a gama ba. In ta wuce, a tuƙa tuwon dare da ita, kowa ya ci, washegari yaro ya zama masassaƙi. Yanzu na ga yara suna ɓoye ɓarnar hannunsu da samfefa, takardar nan mai kaushi ta goge ice. Zamaninsu ne.

Ni bahago aka haife ni. A gidan sunan da ya bi ni ke nan, har na gaskiyar ya kusa ɓacewa. Ci da hagu an raba ni da shi tun ina ƙarami, da bulala, kuma na gode, ya yi mini amfani. Amma Baba ya ce sassaƙa ma da dama za a yi. Ya ce ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Hujjarsa kuwa ita ce abin da muke sassaƙawa cikin abincin mutane yake shiga, hagu kuma an san aikinta. Wa zai ci tuwo a akushin da hannun tsarki ya yi? To da dama wuƙa tana tafiya yadda ya kamata, sai dai hannun kamar na aro ne, aikin ya fito da tudu da kwari. In na faki ido na zagaya bayan rumbu na mayar da ita hagu, sai hannu ya zauna daram, amma wuƙar ta nutse cikin ice ta ƙi fitowa, ta bi jijiya ta tsaga shi. Wurin da ke kashe ni shi ne wuyan muciya, inda siririn mariƙi yake buɗewa ya zama kai. Nan ake so wuƙa ta shiga ta lanƙwaso ta fito. Nan nake tsaga kowace. Na kai wa Kaka, tsohuwar gidan, wadda na sassaƙa da dama, auduga ta maƙale kamar an jefa ta a ƙaya. Wata shekara na sake kaiwa, haka. Ƙanena da ke bi na ya wuce, ya fara bin manya daji, ni ina kwasar sassaƙe. Har ni kaina na yarda hagun nan ba ta da albarka.

Ina da kawu, ƙanen mahaifiyata, yana dako a tashar jirgin ƙasa ta Kaura, lokacin da gyaɗa ke gyaɗa. Ya zo ganin gida da damina. Wuyansa ya karkace gefe guda saboda buhu, yana tari irin na ƙurar sito. Suna zaune da Baba a gindin tsamiya, ina kusa ina ɓare ɓawo, Baba ya nuna ni da haɓa.

"In an kai dawa rumbu wanga bai ba Inna muciya ba, ka zo ka tahi da shi. Ƙarfi dai Allah ya ba shi."

Kawu ya dube ni sama da ƙasa. "Zai yi. Buhu ba ya tambayar dama ko hagu."

Baba ba ya magana biyu. Ba nauyin buhu na ji tsoro ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne a ce ɗan gidan masassaƙa an fitar da shi don ya kasa abin da ƙanensa ya yi, kuma in bar ƙamshin ɗanyen ice, wanda ban san wani abu da nake so kamarsa ba. A wurina a lokacin Kaura ita ce ƙarshen duniya.

Kaka, uwar Baba, wadda yake kira Inna, ita ce tsohuwar gidan. 'Yar maƙera ce daga Shinkafi. Baba ɗan farinta ne, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana fuska da fuska, ba ta roƙonsa komai. In tana da magana da shi sai ta gaya wa tukunya ko kaza, shi kuma ya ji. Ni kuwa jika, maigidanta nake, kullum muna faɗa. Wata rana da hantsi ina bayan rumbu na tsaga wani reshe, sai na ji muryarta. Ashe ta daɗe a inuwar tana kaɗi tana kallona.

"Maigida, mi icen nan ya yi maka kake ta kashe shi?"

"Kaka, ki bar ni."

"In bar ka ka tahi Kaura ka samo mai jan baki ka manta da ni? Miƙo in gani."

Na miƙa mata wuƙar. Ta ajiye mazari, ta juya ta, ta bi gefe da gefe da babban yatsa.

"Wagga ba ta san ka ba. Ta dama ce."

"Wuƙa ma tana da dama?"

"Lauje ma yana da ita, sakarai. Tsohona in bahago ya zo maƙera, daban yake lanƙwasa masa. Riƙe da dama, ɗora kan icen. Wane gefe ya kwanta?"

"Mai gangare."

"Mayar hagu."

Na mayar. Gangaren ya koma yana kallon sama, gefen da ke miƙe shi ya kwanta a kan ice. Babu abin dogara, babu diddige. Dole ta nutse. Na tsaya ina kallon abin kamar ban taɓa ganin wuƙa ba. A gidan kowa da dama yake aiki tun kakanni, babu wanda ya taɓa samun dalilin juya ta.

"To sai in wasa ɗaya gefen."

"Wuƙar kakanka? Wanda ya haife ka zai gwada kaifinta a kunnenka. Kuma a wane dutse?"

Ta tashi da ƙyar ta shiga ɗakinta, ta fito da wuƙar da take yanka kuɓewa. Doguwa, baƙa, ƙotarta a ɗaure da tsumma.

"Ungo. Wagga ba ta da dangi, ba mai tuhumarka a kanta."

"Wuƙar mata, Kaka?"

"Kai namiji ne ya haife ka?"

Na karɓa. Ta ce ƙarfen mai kyau ne, tsohonta ne ya ƙera mata shi cikin kayan ɗaki, amma kada in yi murna tukuna. Gaskiyarta. Mata a bakin dutsen niƙa suke gurza wuƙa, nan da can, yadda hannu ya kai. Shekaru sun sa gefen biyu duk sun yi tumbi, can ƙarshen bakin kuma ya sirance. Da na kai ta ga ice ba ta nutse ba, amma zamewa take yi ta wuce. Sai na ɗaga bayanta sosai sannan ta kama, in ta kama kuma kankara take yi, ba yanka ba. Da ta haɗu da gaɓa, bakin ya nannaɗe. Na koma na gaya wa Kaka. Ba ta ɗago daga kaɗinta ba, ta ce, "Ci bakin baya har ka iske inda take da nama. Daga nan ka yi mata naka gangaren, ta gefenka."

Ni ke kai jakuna gulbi shan ruwa, kuma gulbi ba ya rasa duwatsu. Na samu wani mai kaushi, shimfiɗaɗɗe, da wani baƙi mai santsi. Jakuna na kiwo a bakin ruwa, ni ina durƙushe ina gurza. Na rage mata tsawo, na cinye siririn bakin, na kwantar da gefe ɗaya har ya miƙe sumul. Wannan ya ci kwanaki, yatsuna suka yi kanta suka fashe. Gangaren ne ya koya mini hankali. Na farko na kwantar da shi da yawa, ya yi tsawo, bakin ya yi siriri. A icen dashi mai taushi tafiya take kamar a cikin man shanu, na yi ta murna. Da na kai ta ga aduwa sai bakin ya yi giɓi-giɓi. Na koma na tsayar da shi, ya gajarce. Bakin ya yi ƙarfi, ba ya gutsurewa, amma sai na tura da dukan kafaɗa, kuma hannun da ke turawa da ƙarfi ba ya iya tsayawa inda ake so. Tsakanin biyun nan abin yake, kuma ba mai iya gaya maka wurin, sai ice. Na kuma gane in wuyan hannu yana lilo a kan dutse, tumbi ne zai dawo. Sai a kafe shi, jiki ne zai riƙa kai da komo. Ana yi har a ji wani ɗan gashi-gashi na ƙarfe ya taso ta bayan baki, daga gindi har tsini, shi ne alamar an kai. Sannan a koma baƙin dutse, a ƙarshe a ja ta baya-baya a kan fata har gashin ya faɗi. Ni a kan tsohon maɗaurin akumari na ja tawa.

Mutane suna gwada kaifi da aske gashin hannu. Aska ma tana aske gashi, amma kai ta ga aduwa ka gani. Gwajin masassaƙi shi ne ya yanka ice ta kansa, inda jijiyoyi suka ƙare. In wurin ya yi fari-fari da gari, da saura. In ya yi sheƙi kamar an shafa mai, an gama. Ranar da tawa ta bar sheƙi, na saro reshen aduwa a hanyar dawowa, na zauna a gindin bishiyar na kai ta wuyan muciya. Ta shiga, na dogara a kan gangare, ta lanƙwaso ta fito. Sassaƙen ya nannaɗe ya faɗi a kan ƙafata, siriri, ana ganin haske ta cikinsa. Babu ƙara, sai wani ɗan sauti kamar an yage sabon ganye. Na daɗe a zaune. Jakuna suka gaji da jira suka kama hanyar gida da kansu.

Aka yanke dawa, aka ɗaure, aka kai rumbu. Kawu ya zo kamar yadda aka yi da shi. Da la'asar sakaliya, an ɗora tukunyar tuwo, talge yana tafasa, aka taru a tsakar gida: Baba a kan kujerarsa, Kawu a gefensa, yayyena a tsaye. Na durƙusa na ajiye wa Kaka muciya. Ta yagi auduga ta bi ta daga kai zuwa ƙasa, ta juya ta sake bi, ta tsaya a wuyan ta zagaya shi. Ta ɗaga audugar sama. Ko zare bai fita ba.

Baba ya miƙo hannu. Aka ba shi. Ya karkata ta ga hasken rana yana bin sawun wuƙa da ido. Masassaƙi yana karanta sawu kamar yadda maharbi ke karanta na dabba. Nawa duk sun kwanta ta inda na gidan ba sa kwanciya.

"Da wane hannu?"

"Hagu, Baba."

"Wuƙar gidan nan ba ta yin haka da hagu. Da mi ka yi?"

Na zaro ta daga ƙugu na ajiye a gabansa. Na yi mata sabuwar ƙota, amma babban yayana ya gane ta. Ya ce, "Wuƙar kuɓewar Kaka ce," suka fashe da dariya. Baba bai yi ba.

"Na hana ka. Abin da za a sa cikin abincin mutane."

Sai Kaka ta juya ta fuskanci tukunya, tana gyara wuta.

"Ke tukunya, ni dai tun da aka kawo ni gidan nan nake kallon masassaƙa. Wuƙa a dama, ice a hagu, wuni guda ana juya shi ana murza shi. Akushin da ake ci a ciki, ban san wane hannu ya fi daɗewa a kansa ba."

Baba ba zai mayar wa uwarsa magana ba, kuma ba shi aka yi wa ba, tukunya aka yi wa. Ya ɗauki wuƙar ya taɓa bakin da yatsa. Na ga girarsa ta ɗan motsa. Ya jawo wani guntun aduwa daga cikin itacen girki, ya gyara zama, ya kai mata da dama, irin yankan da ya yi sau ba adadi tun kafin a haife ni. Wuƙar ta nutse, ta bi jijiya, icen ya tsage har ƙasa. Ya dube shi. Ya ɗauki wani, ya sassauta hannu, ya sake. Ya tsage. Mutumin da ake zuwa tun daga Shinkafi neman akushinsa.

"Maigida," in ji Kaka, "gaya wa kawunka ya tanadi buhu babba. Ga wani ya samu, ya fi ka ƙarfi."

Kawu ya so ya danne dariya, ta zame masa tari. Yayyena suka sunkuyar da kai. Ni kuwa na ce yau kashina ya bushe. Baba ya daɗe yana juya wuƙar, ya dubi wannan gefe, ya dubi wancan. Can sai ya mayar da ita hannun hagu. Riƙon ma bai iya ba, kamar yaro. Ya ja ta a kan guntun icen a karkace. Ta shiga, ta fito, ɗan sassaƙe ya faɗo a kan rigarsa. Ya ɗauke shi ya murza a yatsu. Sannan ya tashi, ya ɗauki muciyar, ya je ya ajiye ta a bakin murhu kusa da ƙafar uwarsa.

"A tuƙa," ya ce, ya fita masallaci.

Aka tuƙa. Tuwon dawa ne da miyar kuka, ba nama. Na ci abinci iri-iri a rayuwata, wasu a gidan biki, wasu a kan gudu, ban manta da wannan ba. Kaka ta ce muciyar ta yi mata nauyi, mijin kirki da ya rage mata kai. Kawu ya kwana ya koma Kaura shi kaɗai.

Washegari bayan an dawo masallaci Baba ya kira ni gindin tsamiya. Na zo zan tsuguna inda kowa ke tsugunawa, gefen da ya lotsa. Ya ce, "Ba nan ba. Zagaya can." Na zagaya ɗaya gefen dutsen, inda ƙarfe bai taɓa hawa ba. Ya zuba mini ruwa da kansa.

"Ci da dama. Gaisuwa da dama. Wannan kuwa ka yi da abin da Allah ya ba ka."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya. Amma zuwan da muka yi Shinkafi bayan nan, na ji shi yana gaya wa maƙeri ya ƙera guda ɗaya a juye. Na yi aiki da ita shekaru. Ta kuɓewar dai ita ce ta ƙugu. Muna zama ni da shi fuska da fuska a kan dutse ɗaya, shi yana turawa, ni ina turawa. Kafin in yi furfura gefena ma ya lotsa.

Dutsen yana can. Ranar da mutanen daji suka tashe mu ba a ɗauki dutse ba, ba a ɗauki gizago ba, wasu ma ba su ɗauki ransu ba. Ba na son dogon zance a kan wannan. Na fito da iyalina da abin da ke ƙuguna, muka bi ayari har Kaura. An ce mini tsamiyar tana tsaye. Ban koma na gani ba.

Turmi ya fi ƙarfina yanzu, kuma babu dajin da zan shiga in zaɓi ƙirya. Akushi, roba da silba sun kore shi. Amma roba ba ta tuƙa tuwo. Masu itacen wuta da ke shigowa daga wajen Banga sun san ni, in sun ga reshen aduwa miƙaƙƙe sukan ware mini. Ina yin muciya, koshiya, maburgi, wani lokaci ƙotar fartanya. Matan da aka taso daga Kurya Madaro da sauran ƙauyuka, in sun samu ɗan ɗakin da za su fake, bayan tukunya muciya suke fara nema. Wata ta zo kwanan baya, ta ɗauki ɗaya ta ja ta a kan gefen mayafinta ta ga ko za ta kama zare. Ba ta kama ba. Ta ce, "Baba, irin ta gida ce." Na ce ta gida ce. Ina ci, ina ciyarwa, ba na miƙa wa kowa hannu, na dama ko na hagu. Alhamdu lillahi.

Wani lokaci in kasuwa ta yi sanyi nakan bi ta wajen tashar jirgi. Ta yi shiru, ciyawa ta fito tsakanin ƙarafa. Kawu ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Baba da Kaka. Nakan tsaya in dubi inda ake jibge buhuna, in yi dariya ni kaɗai. An ce in ban iya ba Kaura za a kai ni. Na iya, ga ni kuma a Kaura. Sai dai wuyana a miƙe yake. Wuƙar kuɓewa tana nan a hagu, washi ya cinye ta har ta koma kamar ganyen dawa, kuma har gobe in ta shiga ice ta san hanyar fita.